Shin akwai lambar kaska? Darasi domin makiyaya da masunta



Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a wuraren sauraren rediyo, musamman idan damana ta kusa. Mutane suna cewa: ga lambar ciwon huhu, ga lambar awaki da tumaki, ga ta raƙuma, to ina lambar kaska? Me ya hana likitocin dabbobi su kawo allura guda a yi wa sa, kaska ta rabu da shi shekara ɗaya cur? Tambayar ta mai hankali ce. Amsarta a taƙaice ita ce: an ƙera irin wannan lamba a wasu ƙasashe, amma aikinta bai yi kama da na lambar da muka sani ba, kuma ba domin kaskarmu aka yi ta ba. Don a gane dalili, sai mun fara da lambar da ta ci nasara, sannan mu je wata ƙasa mai nisa inda masu kiwon kifi suka kashe dukiya mai yawa a kan wannan tambaya tamu.

Lambar da ta kashe bushiya

Matasa ba su san bushiya ba, sai dai a bakin tsofaffi. Cutar ta shigo Afirka ta gabas a 1887, cikin shanun da sojojin Italiya suka sauke a tashar jirgin ruwa ta Masawa. Kafin 1891 ta iso ƙasashenmu, zamanin Sarkin Damagaram Suleman ɗan Aisa. A wurare da yawa ta kashe tara cikin goma na shanu. Fulanin da suka kwana da garke suka tashi da sanda kawai.

A 1962 aka buɗe babban yaƙin lamba na haɗin gwiwa, wanda ake kira JP15, kuma a yankin tabkin Cadi aka fara shi: Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi. Lambar da ta yi wannan aiki wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, ya gyara ta a Kenya. Allura ɗaya tana kare sa har ƙarshen ransa. Da aka yi sakaci bayan yaƙin, cutar ta dawo a farkon shekarun 1980, sai aka sake ɗaura ɗamara a 1986 da wani shirin mai suna PARC. A 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Bayan agana ta mutane, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya shafe daga doron ƙasa.

Yaya lamba take aiki? Ga misali. A cikin jinin dabba akwai masu tsaro, mu kira su dogarai. Dogari ba ya kama ɓarawon da bai san fuskarsa ba. Lamba kuwa ƙwayar cuta ce da aka kashe ko aka raunana, aka sa wa dabba don dogarai su ga fuskarta su riƙe. Ran da ƙwayar gaskiya ta shigo, sai ta tarar an san ta. Ƙwayar bushiya ƙarama ce ƙwarai, fuskarta ɗaya ce ko'ina a duniya, kuma dole ta shiga cikin jiki kafin ta yi ɓarna. Shi ya sa ta yi sauƙin kamu.

Lambar annobar awaki da tumaki, wadda ake kira PPR, ita ma haka take. Ƙwayar da aka yi ta da ita an samo ta a Najeriya a 1975, tana kare dabba shekara 3 ko fiye, kuma ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son ganin bayan cutar. Ta ciwon huhun shanu ba ta kai wannan ƙarfi ba, kariyarta ba ta wuce shekara guda, dalilin da ya sa ake kiran ku shingen lamba kowace shekara ke nan. Ɗakin binciken LABOCEL na Yamai yana cikin masu haɗa waɗannan allurai. Wanda ya ɓoye rabin garkensa ran lamba, shi da maƙwabcinsa ya cuta.

To, kaska ba ƙwaya ba ce. Dabba ce sukutum, mai baki, mai ciki, mai ƙafa takwas. Tana zaune a wajen gida, ta huda bango tana sha. A cikin yawunta akwai magunguna da ke hana jini daskarewa, suna kashe zafin cizon, suna kuma sa dogarai barci a daidai wurin da ta kafa baki. Wannan ita ce wahalar.

Kifin Norwe da ƙwarƙwatarsa

A ƙasar Norwe, can arewacin Turai, akwai wani kifi da Faransawa ke kira somon, Ingilishi su ce salmon. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, ya komo kogin da aka haife shi ya yi ƙwai. Wajen 1970 wasu ƴan'uwa biyu a tsibirin Hitra suka fara tsare shi cikin kejin raga a bakin teku suna ba shi abinci. Yau Norwe tana fitar da fiye da tan miliyan ɗaya na wannan kifi kowace shekara. Keji guda yana iya ɗaukar kifi 200,000.

Mai kiwo ya san abin da ke biyo bayan cunkoso. Cututtukan ƙwayoyin bakteriya suka faɗa wa kifin, har a 1987 aka zuba kusan tan 50 na maganin kashe ƙwayoyi cikin abincinsa. Sai aka koma ga lamba. Kada ku yi mamaki, kifi ma ana yi masa allura: tun yana ƙarami, bai wuce tsawon tafin hannu ba, ake sa shi cikin ruwan da ke gusar da hankali, a soka masa allura a ciki, ɗaya bayan ɗaya, da hannu ko da na'ura. Cikin shekara goma maganin da ake zubawa ya sauko zuwa wajen tan 1 a shekara, alhali kifin ya ninka sau da yawa. Wannan nasara irin ta bushiya ce.

Amma akwai abokiyar gaba da ta gagara. Ana ce mata ƙwarƙwatar teku, ko da yake ba dangin ƙwarƙwatar kai ba ce, dangin ƙaguwa ce. Masana suna kiranta Lepeophtheirus salmonis. Macen ta kai wajen santimita 1, tana jan zare biyu na ƙwai a bayanta, kowane da ƙwai ɗaruruwa. Ƴaƴan suna yawo cikin ruwa har su sami kifi su manne. Tana cin yauƙin jikin kifi, da fata, da jini, ta bar masa gyambo a ka da baya. A da, can cikin teku, sai ta yi sa'a take samun kifi. Yanzu an tara mata dubbai a wuri ɗaya, rani da damana. Daga kejin kuma ƴaƴanta suna bin ruwa su kama ƙananan kifin daji da ke fitowa daga kogi. Saboda haka gwamnatin Norwe ta kafa doka: idan aka ƙirga, kada a sami fiye da babbar mace ɗaya a kan kowane kifi biyu, kuma a makonnin da kifin daji ke fita teku iyakar ta fi haka tsanani. Tun 2017 ma yawan ƙwarƙwata ne ke yanke ko wani yanki zai ƙara kiwo ko zai rage.

Ku saurari jerin abin da suka gwada, domin za ku ga kanku a ciki. Da farko magani a ruwa. Ya yi aiki ƴan shekaru, ƙwarƙwata ta saba da shi. Wajen 2000 aka kawo wani maganin da ake sawa cikin abinci, emamektin, ɗan'uwan ibamektin da kuke saya wa shanu. Aka ce an huta. Kafin shekara goma shi ma ya fara kasawa. Suka kawo wasu ƙananan kifaye masu tsince ƙwarƙwata daga jikin salmon, watau carkin ruwa. Suka ƙera na'urar da ke harbin ƙwarƙwata da haske. Suka koma tura kifin cikin ruwa mai ɗumi, digiri 28 zuwa 34, na rabin minti, don ƙwarƙwata ta saki. Ga kifin da ya saba da ruwan sanyi wannan azaba ce, da yawa suna jin rauni. A 2023 hukumar likitocin dabbobi ta Norwe ta ƙirga kifi miliyan 62.8 da suka mutu a kejin teku, watau wajen ɗaya cikin shida, kuma raunin da ake ji wajen cire ƙwarƙwata yana cikin manyan dalilai.

Mutanen da ke asara irin wannan, da lamba tana da sauƙi da tuni sun same ta. Sun fi shekara talatin suna nema. A 2015 wani kamfanin Ajantina, Tecnovax, ya fitar da lamba a ƙasar Cile domin ƙwarƙwatar can, wadda jinsinta daban ne. Tana rage yawan ƙwarin, ba ta kawar da su ba, masu kiwon Cile ba su daina wanka da magani ba. A Norwe gwaje-gwaje da yawa sun nuna ragi kaɗan a ɗakin bincike, amma babu wadda ta kai a dogara da ita a teku. Dalili na farko, ƙwarƙwatar ta fi cin yauƙi da fata, inda dogarai ba su da yawa, jini kaɗan take sha. Na biyu, kifi jininsa mai sanyi ne, cikin ruwan sanyi dogaransa ba su da hanzari. Na uku, tana da yawu mai kwantar da tsaro kamar kaska.

Wani abu da suka lura da shi ya fi jan hankalina. Akwai dangin salmon na tekun Pasifik, irin wanda ake kira koho, da ƙwarƙwata ba ta daɗewa a jikinsa: fatarsa takan kumbura ta rufe ƙwaron tun yana ƙarami har ya faɗi. Ba allura aka yi masa ba, halittarsa ce. Don haka wani ɓangare na ƙoƙarin ya koma ga zaɓen iri. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi a kan shanu.

Lambar kaska ta Ostareliya da Kuba

Kaska ta fi ƙwarƙwatar teku rauni ta fuska ɗaya: ita jini take sha har ta cika. Abin da ke cikin jinin sa duka yana shiga cikinta, har da dogarai. Masu bincike na Ostareliya suka yi dabara a kan wannan. Suka ce: yawun kaska ya daɗe yana kokawa da jikin sa, ya san hanyoyin kuɓuta. Amma cikin hanjinta akwai abin da jikin sa bai taɓa gani ba, kuma kaska ba ta taɓa bukatar kare shi ba. Suka ciro wani sinadari daga bangon hanjin, suka sa masa suna Bm86, suka yi lamba da shi. San da aka yi wa allurar, idan kaska ta sha jininsa, dogaran da ta haɗiye sai su kama hanjinta daga ciki su yayyaga.

Ƙasar Kuba ta fitar da tata a 1993 da sunan Gavac, Ostareliya ta fitar da TickGARD a 1994. A Kuba, inda gwamnati ta sa aka yi wa shanu da yawa tare, yawan wankan magani ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. A Ostareliya kuwa daga baya an daina sayar da ita. Me ya bambanta su? Lambar ba ta kashe kaska nan take. Mai shanu zai yi allura yau, bayan wata guda ya duba ya ga kaska tana nan, ya ce an cuce shi. Abin da ba ya gani shi ne kaskar ba ta cika sosai ba, ƙwanta ya ragu, wanda ta yi ma da yawa ba ya ƙyanƙyashewa. Ribar tana zuwa a kan ƴaƴa da jikokin kaska, bayan watanni. Ga kuma yawan allura: uku a farko cikin mako bakwai, sannan ɗaya kowane wata shida.

Yanzu ku auna da kiwonmu. A can kowane garke yana cikin makiyayarsa mai shinge, idan ka rage ƙwan kaska a filinka kai ne ka ci riba. Mu nan shanun gari goma suna haɗuwa a mashaya ɗaya, suna bin burtali ɗaya, suna kwana a kasuwa ɗaya, daga Bakin Birji zuwa Kundumawa har Maigatari. Idan kai kaɗai ka yi, kaskar maƙwabci ce za ta cika maka fili. Irin wannan lamba sai yanki ya yi ta gaba ɗaya.

Matsala ta biyu ta fi girma. An yi Bm86 ne domin kaska iri ɗaya, Rhipicephalus microplus, wadda ke yin rayuwarta duka a kan sa guda. Kaskar da ta fi damun mu a kudu, wajen Magarya, Matamai da kwarin Korama, ita ce mai ado a baya, mai dogon baki, Amblyomma variegatum, kuma lambar ba ta yi mata wani abin kirki. A arewa, wajen Tanut da Gure inda ƙasa ta fi bushewa, mai zane a ƙafa ce ta fi yawa, Hyalomma. A Uganda hukumar binciken noma ta ƙasar ta gwada wata lamba ta dabam da aka nufi kaskokin Afirka da ita. Wannan shi ne aikin da ya kamata mu sa wa ido.

Ita waccan kaska ta Ostareliya da Kuba, kada ku ce ba ruwanmu. A 2007 aka gano ta a Kodebuwa, ta shigo tare da shanun da aka sayo daga Burazil. Bayan ƴan shekaru aka same ta a Benin, Burkina Faso, Mali, Togo da Najeriya. Ta fi son ƙasa mai laima, tana ɗauke da cutar da ke sa sa fitsarin jini, kuma magunguna da yawa ba sa kashe ta. Wanda shanunsa suka yi rani a kudu mai nisa, ko ya sayo daga can, ya wanke su ya ware su kafin su shiga garke. Idan ka yi wanka daidai yadda aka rubuta, bayan kwana biyu ko uku ka ga ƙananan kaska sun cika wuya da kafaɗa ba su faɗi ba, ka sa kaɗan cikin kwalba ka kai wa ma'aikacin kiwo.

Dabarar hanji ba a kan kaska kaɗai ta tsaya ba. Akwai tsutsar ciki mai shan jinin tumaki da awaki, wadda ke sa fatar ido ta yi fari, haɓa ta kumbura a damana. Cibiyar Moredun ta Sukotland ta yi mata lamba mai suna Barbervax, aka fara sayarwa a Ostareliya a 2014. Tana aiki, amma sai an maimaita kowane mako shida. Ko a wajen mutane haka ne: lambar zazzaɓin cizon sauro ta ci fiye da shekara talatin ana aikinta kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, Nijar ta fara yi wa yara a 2024, allura huɗu ce, kuma ba ta sa a jefar da gidan sauro ba.

Saboda haka duk wanda ya zo maku da kwalba a kasuwa ya ce lambar kaska ce, ku gane. Mai yiwuwa ibamektin ne, in ma ba ruwan banza ba. Ibamektin magani ne, ba lamba ba: yana kashe abin da ke jiki yau, bayan ƴan makonni ƙarfinsa ya fita. Ba a yi wa saniyar da ake tatsa, ba a kuma yanka dabba sai kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika.

Abin da ke hannunmu a wannan damana

Kaska mai ado tana neman masauki sau uku a rayuwarta. Ƙananan suna hawa tsuntsaye da ƙananan dabbobi su sha su sauka. Manyan suna fitowa da ruwan farko, su nufi shanu: hantsa, maraina, ƙirji, matsematsi, ƙarƙashin wutsiya. Bakinta yana barin rami. Saniyar da kaska ta lalata wa kan nono ɗaya ta rasa rubu'in madararta har abada, maraƙinta kuma ya tashi da yunwa. Inda wannan kaska ta yi yawa, kirci yana tsananta, wannan an tabbatar da shi. Tana kuma ɗauke da cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya, dabba ta yi ta juyi ta faɗi tana shure-shure. Mace ɗaya da ta ƙoshi ta faɗi ƙasa tana zuba ƙwai fiye da 10,000.

Wani mai bincike, Frédéric Stachurski, wanda ya yi aiki a Kamaru da cibiyar CIRDES ta Bobo-Diulaso, ya gano wani abu mai amfani. Da rana, sa'ad da sa ke kiwo, kaskar ba ta hawa kai tsaye zuwa hantsa. Tana maƙalewa tsakanin kofato ta jira. Sai da dare, idan sa ya kwanta, ƙafa ta haɗu da ciki, sannan ta ƙaura. Ke nan da yamma, lokacin dawowa daga kiwo, yawancin kaskar da aka kwaso ran nan tana ƙafa. Sai ya gina ɗan kwalbati mai ruwan magani a ƙofar mashekari, shanu su taka su wuce, kowane kwana biyu ko uku a makonnin farkon damana. Garke guda yana wucewa cikin ƴan mintoci, maganin da ake kashewa kaɗan ne. Wannan aiki ne da ƙungiyar makiyaya ta gari za ta iya haɗa kuɗi ta yi. Wanda ba shi da kwalbati, ya fesa wa ƙafafu da yamma, ko ya sa yara su duba tsakanin kofato kafin shanu su kwanta.

Cire kaska da hannu da safe, yadda iyayenmu ke yi, aiki ne mai kyau, kada wani ya raina shi. Amma a jefa ta wuta ko cikin kananzir. Kada a yar a ƙasa, kada kuma a murje ta da farce. Kaska mai zane a ƙafa tana ɗauke da ƙwayar wani zazzaɓi mai sa zubar jini ga mutum, wanda ya kashe mutane a Nuwakshot ta Muritaniya a 2003. Kaji da zabi a bar su su shiga mashekari da safe, suna tsince kaska da yawa, amma ba ran da aka yi feshi ba.

Wajen magani, abin da ya faru da ƙwarƙwatar Norwe shi ne ke faruwa da kaska. Idan ka rage awo don kwalba ta daɗe, raunana ne ke mutuwa, masu ƙarfi su rage su haihu. Bayan ƴan shekaru ka ce maganin jabu ne, alhali kai ne ka yi wa kaska zaɓen iri. A bi awon da aka rubuta. Kada a yi amfani da maganin ƙwarin wake ko na auduga a jikin dabba. Ga kuma gargaɗi na musamman ga mutanen Damagaram masu son doki: maganin kaska mai suna amitraz ba a sa wa doki, yana tsayar masa da hanji har ya mutu. Jaki ma a nisanta shi da shi.

Ba kuma a neman a ƙarar da kaska ƙaf. Maraƙin da kaska kaɗan ta ciza tun yana shan nono yakan sami kariya daga cututtukan da take ɗauke da su. Wanda aka rene shi ba kaska ko ɗaya, ran da ta same shi yana babba, shi ne ke faɗuwa. Wannan na cikin dalilan da ke sa shanun Turai da ake kawowa domin madara suke mutuwa a hannun wanda bai shirya masu ba.

Sai batun iri. Shanunmu masu tozo, Azawak da jajaye da Gudali, sun fi na Turai juriyar kaska nesa ba kusa ba. Mutanen Ostareliya da kansu sai da suka gauraya shanunsu da masu tozo kafin su sami sauƙi a yankunansu masu zafi. A cikin garke ɗaya ma, mai lura ya san cewa shanu ƙalilan ne ke ɗauke da yawancin kaska, kuma su ne dai kowace shekara. Wannan hali ana gadonsa. Bijimin da kullum yake cike da kaska, komai kyan ƙahonsa, a dandaƙe shi ko a kai shi kasuwa. A wurina wannan ita ce lambar kaska mafi araha da muke da ita, sai dai tana son haƙurin shekaru.

Ga masunta da masu kiwon kifi

Tabkunanmu, irin na Gidimuni da na Lasuri, da waɗanda ma'aikatan gandun daji ke zuba wa ƴaƴan karfasa, tarwaɗa da giwan ruwa, ba su da ƙwarƙwatar teku, domin ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Amma tana da ƴan'uwa. Ɗaya ita ce Argulus, faffaɗa kamar ƙwayar kankana, ruwan toka, tana gudu a jikin kifi idan ka taɓa ta. Ɗayar ita ce Lernaea, tana kafa kai cikin nama, jikinta na lilo a waje kamar ɗan zare, gindinsa ja. Kifin da ke ɗauke da su yakan goga jikinsa a kan dutse ko itace, ya yi tsalle, ya rage ci. A babban tabki ba su cika yin ɓarna ba sai ƙarshen rani, da ruwa ya janye kifi ya cunkushe. A ramin siminti ko na leda da matasa ke kiwon tarwaɗa da karfasa a cikin gari, cunkoson na kullum ne.

Karfasa tana da lamba a wasu ƙasashe, amma ta cutar bakteriya ce. Waɗannan ƙwari ba su da lamba a kasuwa. Hanyar shigarsu ita ce sabon kifi, da ruwan da aka zo da shi, da koma ko raga da aka yi aiki da ita a wani wuri. Ƴaƴan kifin da aka sayo, ko daga Kano ko daga ina, a ajiye su daban mako biyu ana dubawa. Raga a shanya ta ta bushe sarai. Bayan an kwashe kifi a bar rami ya sha rana har ƙasa ta tsage. Argulus tana sauka daga kifi ta manna ƙwanta a kan abu mai tauri, don haka a kafa ƴan katakai ko sanduna cikin ruwan, kowane mako a ciro su a shanya, a sa wasu. Wankan gishiri yana taimako a kan ƙananan ƙwarin fata da ido ba ya gani, amma ba ya kawar da waɗannan manya biyu.

Kada wanda ya ji labarin Norwe ya ce zai zuba maganin kaska a ramin kifi. Deltametirin da danginsa, ɗigo kaɗan ya isa ya kashe kifin rami duka. Makiyayi kuma kada ya wanke famfon feshi ko kwalbar magani a bakin tabki, kada ya kora shanu cikin ruwa ran da ya yi masu wanka, kuma kwalbatin ƙafa a gina shi nesa da inda ruwan sama ke gangarawa tabki.

Idan kifi ya fara mutuwa kuna son a duba maku, kada ku kai wa ma'aikaci matacce. Ƙwarƙwata tana barin kifi da zarar ya mutu, a duba a ce ba a ga komai ba. Ku kama biyu ko uku masu rai cikin waɗanda suka nuna alama, ku sa su a bokiti da ruwan wurin, ku rufe da ɗanyen ganye, ku kai da sassafe kafin rana ta yi zafi.